Bokiti Mai Jan Ƙyalle

Zuwa ga Baffa, a wurin fasa dutse.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya. Ni ce Auta, ƙaramar 'yar ɗan'uwanka mai zuma, wadda ka taɓa cewa harshenta ya fi harbin zuman babanta zafi. Na san zumuncinmu sai an zauna an warware shi, kakanka da kakan Baba ne uwa ɗaya uba ɗaya. Amma Inna ta ce duk dangi kai kaɗai ne kuka yi kiwon zuma tare da shi tun kuna samari, don haka kai zan takura wa.

Ta'aziyyarka ta iso ta hannun direban da ke ɗauko tsakuwa daga wurinku, Allah ya saka da alheri. Shi ya ce kada in wahalar da kaina da waya, injin ya cinye maka kunne, kuma ko saƙo ba ya shiga ramin da kuke aiki. Ya ce in riƙa ba shi takarda idan ya biyo.

Inna lafiya, sai idon, yanzu ko hasken taga ba ta bambancewa. Na rufe shagon ɗinkina na dawo gida da keken, saboda yayyena kowa da uzurinsa, kuma uzurin duk masu kyau ne idan daga nesa kake jin su.

Baba ya bar amya shida ta katako a bayan gida. Kullum da safe nakan shimfiɗa wa Inna tabarma a gindin tagar da ke kallon su, ta zauna da kofin shayinta tana sauraron ƙuginsu. Ta ce muddin tana jin wannan ƙugin, mai gidan bai gama fita daga gidan ba. Ko ranar rasuwar ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Zaman tagar nan ne ke riƙe da ita, ni na sani.

To bana ruwa ya ɗauke da wuri, furen da ake sa rai bai fito ba. Na ɗaga bayan amyoyin kamar yadda nake ganin Baba yana yi, biyar sun yi sakayau, kuma kullum sai na share matattu a ƙofarsu. Ta shida, wadda ke can jikin katanga, ban san halin da take ciki ba, don ko kusa ba ta bari in je. Ta harbe ni a fatar ido ya kumbura ya rufe, Inna tana ta dariya wai yanzu mu biyu ido ɗaya gare mu. Na sa mata suna Masifaffiya.

Baffa, yunwa ce ke kashe su? Me ake ba su, kuma ta yaya? Ni allura na sani da zare. Baba bai taɓa koya wa 'ya mace komai na zuma ba sai wankin kwalba.

'Yarka,
Auta.

*

Zuwa ga Auta.

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na kuma ga harshen yana nan. Lafiyata ƙalau, ban da ƙura da ta zauna min a ƙirji da gwiwa da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ki gaishe da Innarki, ki ce mata kurma yana gaida makauniya.

Yunwa ce. Ki karanta wannan a tsanake, kada ki yi min karatun tela da ke yanka kafin ya auna.

Ki samo farin sukari, fari tas, ban da mai ja. Gwangwani biyu na sukari, ɗaya na ruwan ɗumi, ki juya har ya narke. Kada ki ɗora a wuta, idan ya ƙone ciwon ciki yake sa musu. Ki bari ya huce.

Kada ki ajiye musu a fili. Idan kika yi haka zuman unguwa kaf za su zo walima, daga nan su bi wari su faɗa wa amyoyinki, su kashe masu rauni su kwashe abin da ya rage. A ciki ake ba su. Ki ɗaga murfi da yamma idan sun koma, ki sa faranti mara zurfi a sama, ki zuba tsakuwa ko busassun tsinke a ciki don su sami wurin tsayawa, in ba haka ba gobe za ki tarar da faranti cike da gawa. Abin da ya ɗiga a jikin katako ki goge. Ki toshe ƙofar amya da ɗan itace, ki bar wurin da biyu za su wuce a jere. Ranar da kika ga fure ya buɗe ki ɗauke farantin.

Abu na ƙarshe: kada ki kuskura ki sayo zuma a kasuwa ki ba su don tausayi. Zumar da ba ki san amyar da ta fito ba tana iya zuwa da ciwo.

Na san abin da babanki yake cewa a kan sukari. Mun yi wannan rigimar da shi har muka yi shekara ba ma gaisawa. Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne mai taurin kai. Masifaffiya kuma ki ƙyale ta, amyar da ke da ƙarfin yin masifa tana da abinci.

Baffanki.

*

Zuwa ga Baffa.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya ƙirjin? Inna ta amsa, ta ce kurman da ya san zolaya ai da sauransa.

Na karanta mata takardarka. Ina zuwa wurin sukari ta ajiye kofi. Ta ce, “Ba a gidan nan ba.” Na ce Inna, mutuwa fa suke yi. Ta ce, “Shekarun da na yi da mutumin nan, duk wanda ya zo sayen zuma sai ya dafa ƙirji ya ce masa sukari bai taɓa shiga amyarsa ba. Da wannan maganar aka san shi, da ita aka yabe shi a zaman makoki. Ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba za ki mai da shi maƙaryaci?” Baffa, na ninke takardar na ajiye. Kuma in faɗa maka gaskiya, ni ma zuciyata ba ta so.

Sai Allah ya kawo mafita. Ina neman faranti a ɗakin ajiya, bayan tsofaffin katakai, na ci karo da wani babban bokiti mai murfi, an ɗaure hannunsa da jan ƙyalle. Na buɗe, zuma ce har baki, mai duhu, da ɓarɓashin saƙa a sama. Na lasa, na kai wa Inna ta lasa. Ta ce aikin hannun Baba ne.

Ka ga ke nan ban saɓa maka ba, ban saɓa masa ba. Ba ta kasuwa ba ce, tamu ce ta gida. Na sirka ta da ruwan ɗumi, na bi duk sauran ƙa'idojinka: faranti a ciki, tsakuwa, da yamma, ƙofa a tsuke. Tsakuwar ma ta wurinku ce, direba ya ɗebo min a bayan mota, ka ga kai ma ka sa hannu. Biyar ɗin duk na ba su. Masifaffiya na ƙyale ta kamar yadda ka ce, ba sai ka maimaita ba.

Na yi kuka ranar, amma na daɗi. Ji na yi kamar Baba ne ya san zai tafi ya bar musu guzuri.

'Yarka,
Auta.

*

Auta,

Sallama. Ina lafiya. Ki ajiye duk abin da ke hannunki.

Ki ɗauke farantan nan yanzu. Kada ki ƙara ba su ko ɗigo daga bokitin nan. Ki rufe shi, ki shigar da shi ɗakin da zuma ba ta shiga.

Amyoyin babanki bakwai ne, ba shida ba. Zuwana na ƙarshe, kina can shagonki, na tarar ta bakwai ta kamu da ruɓar tsutsa. Ciwo ne da ke ruɓar da 'ya'yan tun suna cikin saƙa, ba shi da magani, kuma ƙwayarsa tana zama a cikin zuma shekara da shekaru ba ta mutuwa. Ni da shi muka haƙa rami muka ƙone amyar. Zumar ce ya hana ni zubarwa, ya ce mutum in ya sha ba ta masa komai, kuma gaskiyarsa. Ya ce ta gida ce, za a sha da shayi. A gabana ya yagi jan ƙyalle ya ɗaura don kada ta gauraya da sauran. Innarki ta ji warin hayaƙi, ya ce mata gara ce ta ci katakon. Bai so a ji cewa ciwo ya shiga amyarsa.

Na ɗauka an daɗe da shanye ta. Ko a raina ban kawo tana nan ba.

Ki buɗe amya guda, ki ciro saƙar da ke tsakiya inda 'ya'ya suke. Idan murafan ramukan sun lotsa sun yi duhu, ki soka tsinken ashana a ɗaya ki jawo a hankali. Idan wani abu mai ruwan ƙasa ya biyo tsinken yana jan zare, shi ne. Ki rubuto min ko da layi ɗaya ne.

Direba ya ce gobe zai taso. Na roƙe shi ya fara biyowa ta gidanku kafin ya sauke kaya.

Baffanki.

*

Zuwa ga Baffa.

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru, ba fushi ba. Wata ya mutu wani ya kama, ba kai ba direba. An ce motarsa ta lalace a hanya, tana can a garejin wani bakanike ana jiran kayan gyara. Wannan takardar zan ba wani mai ɗaukar siminti, ya ce yana wucewa ta kusa da ku.

Idan fushi kake don na ƙi sukarinka, ka huce, ka zo ka ga aiki. Sun farfaɗo. Matattun ƙofa sun ragu, amyoyin sun yi nauyi, da safe ƙuginsu har ɗakin girki. Faranti ba ya kwana da komai, sun kusa cin rabin bokitin. Ta kusa da taga ma na leƙa, sarauniyarsu ta koma yin ƙwai, ramuka cike da fararen tsutsa.

Inna ta yi ƙiba, wallahi. Jiya tana zaune ta ce, “Kin ji ta biyu daga hagu? Ita ce mai babbar murya, babanki yana cewa limaminsu.” Ashe duk ta san su da kunne. Har ta sa na ɗinka mata sabon zane, rabon da ta nemi wani abu tun kafin rasuwar.

Wani ɗan wari nake ji idan na ɗaga murfin biyu daga ciki, kamar an manta ɗanyar fata a lungu. Ina jin ɓera ne ya mutu a ƙarƙashi, zan duba.

Ka rubuto, ko da faɗa ne.

Auta.

*

Baffa,

Assalamu alaikum. Muna nan da rai.

Direba ya zo yau da safe, ya ciro takardarka daga aljihun mota duk baƙin mai, yana ta ba ni haƙuri yana ba ni labarin injin. Ban ji rabin abin da ya ce ba. A tsaye na karanta, a bakin ƙofa.

Na ɗauki ashana na tafi. Ta farko zare ya biyo. Ta biyu ya biyo. Limamin ma ya biyo, har tsawon ɗan yatsana kafin ya tsinke. Biyu na ƙarshe ban ga komai ba a saƙar farko, na fara hamdala, sai na ciro ta gaba. Duk biyar ɗin, Baffa. Babu ɓera.

Ni da hannuna na sirka musu, na bari ya huce, na jera tsakuwa don kada ko guda ta nutse. Ina goge ɗigo a katako kamar mai goge bakin jariri. Kowace yamma ina kai musu ajalinsu a faranti ina jin daɗin kaina.

Haushin kowa nake ji. Haushinka, da ka cika takarda da gwangwani da tsinke ka manta bokiti guda. Haushin mota. Haushin Baba ya fi yawa, Allah ya yafe min. Da ya buɗe baki sau ɗaya ya ce wa matarsa ko 'yarsa ga abin da ke cikin bokitin nan, da ba mu zo nan ba. Ya zaɓi ya faɗa wa ƙyalle. Ni tela ce, jan ƙyalle a wurina ƙyalle ne.

Ban gaya wa Inna ba. Tana can gindin taga yanzu haka, har yanzu suna ƙugi, manyan ba su san komai ba. Ka ce ba magani, amma kai tsoho ne a ramin dutse, ƙila an samo wani abu da ba ka ji ba. Idan na cire saƙar da ta ruɓe na bar sauran fa? Idan na sake musu sabon katako fa? Ka ba ni wata hanya, kowace iri ce zan bi. Direba zai juya yau, na tsaya a kansa.

Auta.

*

Zuwa ga 'yata Auta.

Wa alaikumus salam. Ƙirjin ya matsa, na kwana biyu ban fita aiki ba, amma ba shi ne zancen ba. Haushin da kike ji nawa, ki ji, na karɓa.

Ki je wurin malamin gona ki nuna masa, kada ki tsaya a kan maganata. Amma abin da zai ce miki na sani. Akwai masu sauya katako su yi ta fama, wannan sai gwani mai kayan aiki, kuma sau da yawa ciwon dawowa yake. A hannunki, cikin yunwar nan, babu hanya sai wuta.

Kuma ba ki da lokaci. Manyan za su tsufa su mutu babu 'ya'yan da za su gaje su. Ranar da amyoyin nan suka rasa masu tsaron ƙofa, Masifaffiya ce za ta fara shiga ta kwashi zumar ta kai gida. Daga ita sai na maƙwabta. Ita kaɗai ce ba ta ci daga hannunki ba, ita kaɗai za a iya ceta.

Ki sa a haƙa rami mai zurfi nesa da katanga. Da magariba, idan sun gama shiga, ki toshe ƙofofin da tsumma. Malamin gona ya san yadda ake kashe su a ciki kafin a kunna, kada ki yarda a sa su a wuta da rai. Katako, saƙa, faranti, tsakuwa, har tsumman, duk a rami, a rufe da ƙasa. Bokitin ma ki binne shi.

Innarki kuma ki gaya mata kafin, ba bayan ba. An riga an ce mata gara sau ɗaya.

Da ƙafata za ta kai ni da na zo na riƙe miki ashanar.

Baffanki.

*

Zuwa ga Baffa.

Assalamu alaikum. Ya jikin? Ka daina wasa da ƙirjin nan, ka je asibiti, ba ni da sauran ƙarfin wata ta'aziyya.

An yi. Malamin gona ya zo, ya soka tsinkensa, ya faɗi abin da ka faɗa. Ya duba Masifaffiya cikin rigarsa mai raga, ta bi shi har bakin titi. Ya ce bai ga alama ba, amma ba zai rantse ba sai an ga 'ya'yan da za ta yi nan gaba. Ya ce ita ma abincinta ya kusa ƙarewa.

Na gaya wa Inna kafin, kamar yadda ka ce. Na durƙusa a gabanta na faɗi komai, har da ta bakwai. Na zaci za ta yi faɗa. Cewa kawai ta yi, “Ashe ba gara ba ce.” Sai ta ce in kama hannunta in kai ta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗora tafi a kan murfi, ta fi daɗewa a kan limamin.

Ni na toshe ƙofofin. Kana jin su ta cikin katako suna neman hanya. Malamin gona ya yi nasa aikin, ƙugin ya tashi sama sosai, sannan ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Ban taɓa sanin gidanmu yana da shiru irin wannan ba. Kakin zuma yana ci da wuta fiye da yadda nake zato, kuma ƙanshin daɗi gare shi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Washegari na shimfiɗa tabarma a gindin taga. Inna ta zauna kaɗan, ta ce in rufe tagar, iska na damunta. Babu wata iska. Tun ranar a ɗaki take shan shayi, sabon zanen yana ninke a ƙarƙashin filo. Ta rame, Baffa, kuma ina jin tsoro.

Bokitin ban binne ba, ka yi faɗanka. Ta hana. Ta ce tunda don shayi ya ajiye, da shayi za a sha. Yana ƙarƙashin gadonta a rufe, cokali ɗaya take sa wa kofinta kowace safiya. A ɗaki nake wanke cokalin, in juye ruwan a masai, ko ƙuda ba ya gani.

Shekaranjiya tana juya shayin ta lalubo gwangwanin sukarinta ta turo min da ƙafa. Ta ce, “Ni na daina amfani da wannan. Kai wa mara kunyar can.” Na ce Inna, maganar Baba fa? Ta ce, “Maganarsa tana cikin rami.”

Na auna biyu da ɗaya, na sa sabon faranti da sabuwar tsakuwa. Na ɗaga murfin Masifaffiya da yamma, ta harbe ni a wuya da hannu, ban ko sosa ba. Da safe farantin ya bushe.

Daga ɗakin Inna ba a jin Masifaffiya, katangar ta yi nisa. Yau na ce ta zo in shimfiɗa mata a can inuwa, nesa kaɗan yadda ba za su taɓa ta ba. Ta ce a'a, ba za ta saba da muryar wata ba sai an tabbatar ba za a ƙone ta ba.

Akwatin ashana yana aljihuna. Duk sanda na buɗe amyar sai na soka tsinke, har yanzu yana fitowa fari. Ka rubuto ka gaya min sau nawa zan soka kafin in iya ce wa Inna ta fito.

'Yarka,
Auta.